Kwallin da Na Kai wa Ɗana Asibitin Paraku

Ba zan taɓa mantawa da farin ƙyallen nan ba. Shi na fara hangowa ta tagar ɗakin jarirai, an ɗaure idanun ɗana da shi, yana kwance tsirara ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske. Kwanansa huɗu a duniya. Lokacin ana ce wa ƙasarmu Dahomey, ni kuma saurayin uba ne da ya baro Jugu a bayan kamyo, wato babbar motar kaya, da mata mai zazzaɓi da jariri da ya koma ruwan ɗorawa.

Wata madam mai farar riga ta tare ni, ta zuba mini Faransanci kamar ruwan famfo. Shekarata uku kacal a lakwal, makarantar boko, amma ina sanye da tabarau, ga alƙalami a aljihu, ina zan ce ban gane ba? Na gyaɗa kai. "Oui, oui, madame." (Kalma ɗaya na kama a duk jawabin: idanu.)

Sauran labarin ni na ƙarasa wa kaina. Na ƙoshi da 'yan littattafan soyayya na bakin kasuwa, inda duk wanda aka ɗaure wa ido ba ya sake ganin masoyiyarsa. To, ɗana ya makance.

Kwana uku ina zaune gindin mangwaron asibiti, ban san kowa a Paraku ba. Matata Hajara tana kwance a ɗakin mata, in ta tambaye ni sai in ce yaro lafiya lau, in fito in yi kuka. Na hango kaina da furfura ina riƙe da hannunsa a kasuwar goro, ina kwatanta masa launin yamma. Wallahi har daɗin baƙin cikin nake ji. Na rubuta wa Baba wasiƙa shafi biyu, na ba direba.

Rana ta huɗu na tuna kakata, wadda duk jaririn da aka haifa a gidanmu sai ta zizara masa kwalli don ido ya yi ƙarfi. Na sayo. Da tsakar rana, da ɗakin ya yi shiru, na lallaɓa na kwance ƙyallen, fitila tana haska fuskarsa. Ya yamutsa goshi, ya buɗe idanu tar, ya kawar da kai.

"Kai! Mayar masa!"

Madam ce, da Hausa tsantsa. Ta ture ni, ta kashe fitilar, ta fizge tandun kwallin.

"Shawara ce ke damunsa, malam. Fitilar ce maganin, ƙyallen kuma don kada hasken ya lalata masa ido. Saura kaɗan ka yi masa abin da kake wa kuka. Ba na faɗa maka ba, ka ce oui?"

"Ai... ban san kina jin Hausa ba."

"Ka tambaya? Ni 'yar Jugu ce. Ba kai ne ɗan Alhaji mai goro ba, mai karanta wa 'yan mata littafi a bakin rijiya?"

Uwaye uku da ke shayarwa a gefe suka tuntsire. Ɗaya ta ce, "Madam, a ɗaure wa uban nasa idon, shi ya fi bukata."

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga Kawu Sule da la'asar, ya sauka daga kamyo da mata biyar, sun zo jaje. Ashe an karanta wasiƙata a ƙofar masallaci. Hajara ba ta yi mini magana ba sai ranar suna, wanda aka ɗaga sai da muka koma Jugu.

Tun daga nan, in likita ya yi bayani ban gane ba, sai in cire tabarau in ce, "Maimaita mini, ni baƙauye ne." Wannan kunyar ta fi sauƙi.

Yaron kuwa, Idrisa, yanzu mai gyaran agogo ne a Paraku, yana tsinto ƙusar da ni ko da gilashi ba na ganinta. Amma in ya zo Jugu da salla, tsofaffi har yau Makaho suke kiransa, yana amsawa, sannan ya juyo ya kalle ni.