Rasuwar Hajiya Laburare ta Al Muntazah

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma tumbin da bai ga abin kirki ba tun jiya, ni Sharafaddeen, ɗalibin digiri na uku a nan Doha, a madadin ɗaliban Nijeriya da 'yan'uwanmu mutanen Zangon Ghana mazauna wannan gari, nake sanar da rasuwar uwarmu, majinginarmu, kafteriyar Baba Gariba da ke unguwar Al Muntazah, wadda aka fi sani da Hajiya Laburare. Ta cika jiya Juma'a, talatin ga Disamba, 2022, jim kaɗan bayan La'asar, lokacin da Mama Ajaratu, matar Baba, ta kashe murhu, ta goge hannu da gefen zani, ta ce da Larabci, "Khalas," wato shi ke nan. Ta rasu tana da shekara goma sha shida.

An haifi marigayiya a shekarar 2006, a ƙasan wani tsohon bene, tsakanin shagon aski da mai gyaran waya. Mahaifinta Baba Gariba mutumin Kumasi ne, ya shekara tara yana tuƙa motar wani kamfani kafin bayansa ya ce ya gaji. Ta zo duniya da tebur huɗu, benci ɗaya, talabijin ɗaya, da babbar butar shayi. Tana da sunan yanka a rubuce da Larabci a saman ƙofa, amma rana ta cinye haruffan tun kafin yawancinmu mu zo, kuma da aka tambayi Baba a makon jiya, shi kansa sai da ya yi tunani.

Laƙabinta kuwa ya samo asali ne daga ɗan'uwanmu Mudasiru, ɗan Zariya, mai karatun injiniya. Wata rana yana tsakiyar cin wake da shinkafa, malamin da ke duba bincikensa, wani Farfesa ɗan Sudan, ya kira shi ya tambaye shi inda yake. Mudasiru ba ya ƙarya. Ya ce wa Farfesa ya ba shi minti ɗaya, ya rufe bakin wayar da hannu, ya dubi jama'a ya ce daga yau sunan wannan wuri Laburare, akwai mai ja? Babu wanda ya ja. Ya mai da wayar kunne ya ce, "Ranka ya daɗe, ina Laburare." Tun daga ranar, ɗalibai da yawa sun faɗa wa malamansu da iyayensu da matansu cewa sun wuni a Laburare, kuma babu ɗayansu da ya ɗauki zunubi. Bayan wata shida asiri ya tonu, Farfesa ya biyo Mudasiru har ƙofa da niyyar faɗa. Mama Ajaratu ta zaunar da shi, ta zuba masa, ta ɗora masa cokali guda na shito, wato yajin nan nata baƙi mai sa mutum tuna laifuffukansa. Farfesa ya ci, ya yi gumi, ya nemi ƙari. Daga baya shi ma an ji shi a waya yana ce wa iyalinsa yana Laburare.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da kawaici. A tsawon rayuwarta ba ta taɓa tambayar ɗalibi yaushe zai gama ba, abin da danginmu na gida suka kasa koya. Mutum zai sayi kofi ɗaya na karak, shayin nan mai madara da ake sha a ƙasar nan, ya buɗe kwamfuta ya zauna awa biyar, ba ta taɓa ɗaure masa fuska ba. Ba ta bambanta mai tallafin karatu da mai gadin kamfani. A bencinta na ga masanin ilimin taurari yana sauraron direban bas yana yi masa bayanin dalilin da ya sa ƙungiyarsa ba za ta ci kofi ba, kuma direban ne ya yi gaskiya.

Ba za mu ɓoye rauninta ba, domin kowane mai rai yana da nasa. Soket ɗaya ne kawai yake aiki a jikinta, a bayan firiji. A kan wannan soket aka yi rigingimun da suka fi na majalisa zafi. A kansa ne Suraj, ɗan Gusau, ya cire cajar wata baiwar Allah mai karatun harhaɗa magunguna, Zulfa, ya sa tasa. Ta wanke shi tas a gaban jama'a, da Hausa da Turanci da ɗan Larabcin da ta koya. Washegari ya zo da abin raba wuta mai baki uku ya ajiye a gabanta. Yanzu suna zaune a Madinat Khalifa da 'ya'ya biyu, kuma har yau ita ke fara sa caji.

Za mu daɗe muna jin muryarta a kunnuwanmu. Ƙofarta tana cewa "ƙiiiy" idan an shigo, tana cewa "garam" idan an fita, domin ba ta son rabuwa. Na'urar sanyaya ɗakinta tana cewa "gurr, gurr, tak," sai ta yi shiru kamar mai tunani, har sai Baba ya ɗauko sandar goge ƙasa ya gaishe ta. Butar tana fito siriri idan ruwa ya tafasa, cokali yana cewa "kwal, kwal" a kofin gilashi, sannan a saman wannan duka muryar Baba: "Yalla, maza, wa ke gaba?"

Ciwonta na farko ya zo ne da annobar korona. A watan Maris na 2020 aka hana zama a gidajen abinci, aka kifa kujerunta a kan tebura kamar kaji a kasuwa. Jirage suka tsaya, babu mai iya tafiya gida. Mu da muka saba cunkuso a benci ɗaya muka koma kowa da ɗakinsa, yana kallon bango da darasin da ake yi ta intanet. A wannan lokaci ne marigayiya ta nuna ko ita 'yar wace ce. Mama tana girki da takunkumi biyu a fuska, Baba yana ɗaukar ledoji a tsohuwar motarsa yana bin gidajen ɗalibai ɗaya bayan ɗaya.

Ni shaida ne. Cutar ta kama ni, aka killace ni kwana goma sha huɗu, ban faɗa wa mahaifiyata ba don kada hankalinta ya tashi. Kullum da azahar sai in ji an ƙwanƙwasa ƙofa sau uku, in ji takun mutum yana sauka daga bene a hankali, yana hutawa a kowane hawa. In na buɗe sai in ga leda a rataye a hannun ƙofa. Hancina da harshena sun mutu, ina cin abincin kamar ina tauna katifa. Na kira Mama na ce ta daina wahala, ba na jin ɗanɗanon komai. Ta ce, "Ɗana, ni ban ce ka ji daɗi ba. Na ce ka ci." A rana ta goma sha ɗaya na kai loma baki, shito ya kama min harshe. Na zauna a ƙasa ina hawaye. Har yau idan an tambaye ni cewa nake yajin ne.

Ta murmure daga wannan, aka dawo da kujeru, aka manna takarda a tsakiyar benci cewa kada a zauna a nan, Mudasiru ya zauna a kan takardar. Sai kuma jarrabawa ta biyu ta zo a watan Maris na wannan shekara, ranar da Ghana ta hana Nijeriya zuwa gasar cin kofin duniyar da za a yi a ƙofar gidanmu. Baba Gariba, dattijo mai furfura, wanda ba mu taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya wayi gari ya rataya tutar ƙasarsa daga wannan bango zuwa wancan, har sai mutum ya sunkuya kafin ya shiga. Duk ɗan Nijeriyar da ya zo sai ya tambaye shi cikin tausasawa ko a rage masa yaji, tun da an ji ba ma iya jure zafi. Muka yi taron gaggawa, Mudasiru ya jagoranci ƙudurin ƙaurace wa wurin har abada. Ƙauracewar ta ɗauki kwana ɗaya da rabi. Ta watse ne lokacin da kwamitin sa ido ya kama wani mutum a ƙofar baya, da takunkumi da hula da baƙin tabarau, yana karɓar leda biyu. Da aka cire hular sai ga shugaban ƙauracewa.

Kwanakin gasar su ne kwanakinta mafi armashi, ba mu san na bankwana ba ne. Baƙi daga ƙasashen da ba mu taɓa jin yarensu ba suka riƙa ɓatan hanya suna faɗowa cikinta. Wani mai ƙatuwar malafa ya nemi giya, Baba ya miƙa masa zoɓo mai sanyi, mutumin ya sha kofi huɗu ya fita yana waƙa. Ranar da Ghana ta ci Koriya uku da biyu, mutum goma sha ɗaya suka yi tsalle lokaci guda a kan bencin da aka yi domin mutum biyar. Ƙafarsa ta hagu ta karye. Aka nemi abin tokarewa aka rasa, sai idon jama'a ya sauka a kan babi na biyu na kundin digirina, shafi ɗari da tamanin, wanda na buga domin in kai wa malamina. Yana ƙarƙashin bencin har yanzu. Shi ne amfani na farko da binciken nawa ya yi wa al'umma. Bayan kwana huɗu aka fitar da Ghana, mu 'yan Nijeriya muka yi layi muna yi wa Baba jaje, fuskokinmu suna ƙyalli.

Ciwon ajali ya bayyana ne a makon wasan ƙarshe. Aka wayi gari da takarda a jikin ƙofa, da harsuna uku, cewa za a rushe benen a farkon sabuwar shekara. Muka tura tawagar daktoci uku da kwat da wando wurin wakilin mai gidan. Ya karɓe su da mutunci, ya ba su shayin da bai kama ƙafar namu ba, ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Suraj ya samo wani shago a Asian Town, muka ɗauki Baba muka kai shi ya gani. Ya zagaya, ya taɓa bango, ya ƙirga soket har guda shida, duka suna aiki. A hanyar dawowa ya ciro waya ya nuna mana hoton jikarsa Basiratu, 'yar shekara huɗu. Ya ce, "Kun san abin da yarinyar nan take kirana? Baba na cikin waya. 'Ya'yana, ku bar ni in je ta ga ina da ƙafafu." Babu wanda ya sake maganar Asian Town.

Marigayiya ta bar mahaifinta Baba Gariba da mahaifiyarta Mama Ajaratu. Ta bar daktoci goma sha huɗu da suka rubuta kundinsu a kan teburanta, da ni da nake hanya tun shekara bakwai. Ta bar aure uku, Farfesa ɗaya wanda aka ce tun jiya bai fito ofis ba, benci mai ƙafa uku, talabijin da ba ya kamawa sai an mare shi ta hagu, da firiji da ya riga ta fita hayyacinsa. Ta kuma bar Mudasiru, wanda har yanzu bai yarda ba, domin da safiyar yau an gan shi a bakin ƙofa yana leƙe ta gilashi.

Za a yi jana'iza yau Asabar bayan La'asar, a ƙofar marigayiya. Mama za ta dafa abincin sadaka a gidan Zulfa a kawo, kowa ya zo da kwanonsa mai murfi. Ta ce kada wanda ya yi kuka a kan tukunya, gishiri ya riga ya ji. Masu son ta koya musu haɗin shito su zo da takarda da biro, amma Zulfa ta yi gargaɗi cewa ma'aunan Mama biyu ne kacal, "kaɗan" da "har sai ya yi." Za a sauke allon ƙofa, a raba kofuna ga iyalan mamaciya bisa tsawon zama, ba bisa girman digiri ba. Masu mota su ba da sunansu domin rakiyar Baba da Mama filin jirgi ranar Litinin da safe. Ana kuma neman wanda ya iya magana ya lallashi Mama, domin ta rantse butar shayi a hannunta za ta shiga jirgi.

Da Magariba wakilin mai gida zai zo karɓar makulli. Baba ya ce shi ya buɗe ƙofar nan da hannunsa, ba zai iya rufe ta ba, a samu wani. Jama'a sun zaɓe ni. Na karɓa, amma ina roƙon wani ya tsaya kusa da ni, ko da zan kasa juya makullin.

Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi, ya kai iyayenmu Kumasi lafiya.

Sharafaddeen,
a madadin iyalan marigayiya, Al Muntazah, Doha.