Mato da Tukunyar Kashe Gobara

A ƙauyen Tsaunin Gwauro, inda mutanen birni ke zuwa kallon ruwan da ke zubowa daga kan dutse, akwai wani mutum ana ce masa Mato. Gemu har ƙirji, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Shi da matarsa Tasalla da 'ya'yansu suna zaune a wani ɗaki bayan masaukin baƙi na Alhaji Sallau, inda yake shara da gadi da ɗiban ruwa. Sai labari ya zo cewa hukuma za ta turo masu duba masaukai. Wanda ya cika sharuɗɗa za a kafa masa allo mai taurari a ƙofa, wanda ya faɗi kuwa a daina kai masa baƙi. Alhaji, wanda rabonsa da leƙa banɗakin masaukin tun ranar da aka gina shi, ya tashi haiƙan. Ya ce wa Mato, "In allon nan ya wuce ni, ka kwashe iyalinka ka ba ni ɗakina." Tasalla ta shiga addu'a, don ta san wanda ta aura.

Wata rana Alhaji ya ce, "Kafin baƙo ya buɗe baki a kawo masa abin da yake so." Mato ya ɗauki kujera ya shiga ɗakin wani baƙo, ya zuba wa bakinsa ido. Bawan Allah ya yi hamma. Mato ya zabura, ya dawo da bokiti da shayi da tsintsiya. "Wanne ne a ciki, yallaɓai? Ka yi haƙuri, ka riga ni buɗewa." Baƙon ya haɗa jakarsa.

Wata rana Alhaji ya ce kullum da hantsi a canza zanen gado, ko wa ke ɗakin. Mato ya tarar da wani ƙaton ɗan kasuwa yana sharar barci, ya kama bakin zane ya fizge. Mutumin ya farka a ƙasa yana salati.

Wata rana kuma ya ce, "Kada baƙo ya fita gidan nan sai ya yabe mu." Mato ya garƙame ƙofa da kwaɗo. Malaman makaranta mota guda suka tsaya cikin rana suna ihun "Madalla da wannan masauki!" shi kuwa yana cewa, "Na baya, ban ji muryarku ba." Alhaji ya jiyo daga rumfarsa, ya gyara hula, wai shi ake so.

Wata rana dai masu dubawa suka iso, su uku, riguna sun sha guga. Doka ta ce kowane masauki ya mallaki tukunyar kashe gobara. Masaukai huɗu ne a garin, tukunya kuwa ɗaya tal, ta Alhaji, ita ma wani direban tanka ne ya manta da ita. Don a ce Alhaji, sai ya yarda ya ara wa sauran. Ya ce wa Mato, "Ka bi ta lungu. Duk inda mutanen nan za su, ka riga su isa da ita." Haka aka yi. Manyan nan suka ga jar tukunya guda mai lotsewa a gefe har sau huɗu, kowane karo suna gyaɗa kai kamar sun ga sabon abu.

Da suka gama suka shiga mota. Ba wanda ya ce wa Mato an gama, sai ya ɗora tukunya a ka, ya yanke ta gonaki, ya je gadar da motar za ta bi ya tsaya yana haki. Motar na hawowa gadar sai hayaƙi, sai wuta a inji. Direba ya fizge tukunyar ya kashe wutar.

Shugaban masu dubawa ya ce, "Allah ne ya jefo mana kai!"

Mato ya ce, "Alhaji ne dai, yallaɓai. Cewa ya yi duk inda za ku in riga ku da ita. Ai kun saba da ita, yau sau huɗu kuna duba ta."

Suka kalli juna, kunya ta rufe su. Shugaban ya ce, "Ta wane ne?"

"Ta Alhaji Sallau. Yanzu ina kuka nufa? Don Allah ku rage gudu, birni da nisa."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Masaukai uku suka faɗi, aka kafa allo a ƙofar Alhaji shi kaɗai. Ya bi majalisu yana bugun ƙirji, wai dabararsa ce tun farko. Tasalla kuwa daɗi ya cika ta, ɗakinta ya tsira. Ta ce, "Malam, daga yau kome aka ce maka, ka yi shi yadda aka faɗa."

Mato ya dube ta da mamaki ya ce, "Da can yaya nake yi?"