Yadda Muka Dafa Kifin Mai Girma

Jama'a, duk wanda ya shiga motata cikin makon nan ya toshe hanci, na yafe masa. Sau uku na wanke ta, na ƙone rabin turaren wutan uwargida a ciki, amma ƙarnin kifi ya ce shi ya sami wurin zama. Ranar Asabar na yi dakon matattun kifaye goma sha ɗaya zuwa juji, kowanne ya kai tsawon hannuna, kuma an ce wasunsu sun fi motar tawa tsada.

Ni dai kun san sana'ata, ɗaurin kaya a wani sito a Ras Al Khor nan Dubai, in cika kwantena in tura gida. To akwai wani babban mutum ɗan garinmu da zan kira Mai Girma Uban Alkawura, Allah ya ƙara masa girma. Muƙaminsa ba zan faɗa ba, tunda shi ma ba kullum yake tuna aikin muƙamin ba. Sau uku yana hawa kan mota a bakin kasuwarmu yana rantsuwa zai samo wutar lantarkin da ba a ɗaukewa. Kuma kada a yi masa ƙazafi, ya samo ta. Sai dai da ya duba ya ga a Dubai take, shi ya sa ya sayi gida kusa da ita.

A gidan nan akwai gareji mai cin mota huɗu, amma babu mota ko ɗaya a ciki. Tankunan gilashi aka jera, babbansu yana cin lita dubu uku, ruwan da a unguwarmu sai mai ruwa ya yi sawu goma sha biyu da kurarsa. A ciki kifayen ado ne daga kogunan Kudancin Amurka. Ba a cin su, ba a sayar da su, kallo kawai ake yi. Kuma 'yan gata ne, ruwansu sai ya tsaya a ma'aunin zafi ashirin da tara, in ya sauka su kama mura irin tasu.

Za ku ce ai wannan mai sauƙi ne, a garin da rana ke narka takalmin roba. Ku ji basirar manya. Mai Girma yana son ya zauna da baƙinsa cikin babbar riga yana kallon kifinsa ba tare da ya yi gumi ba, don haka aka kafa na'urorin sanyaya ɗaki guda biyu, esi kenan, aka saita su a sha shida. Aka kafa doka ba a kashe su, ko da wata uku bai zo ba, don kada ya sauka ba sanarwa ya tarar da zafi. Esi ya sanyaya ruwa, sai aka kawo manyan hitoci su ɗumama shi, da wata na'ura mai kashe su in zafin ya isa. Esi na ja, hita na ja, mita na gudu, baitulmali na haki. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Mai kula da wannan masarauta shi ne Badaru, mutumin garinmu, ɗan shekara hamsin da biyu. Gyaran wuta ne sana'arsa, ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaura wayoyin da ba komai a cikinsu. Wata takwas da suka wuce Mai Girma ya kawo shi gadi da ciyar da kifi. Karo na farko kenan a rayuwarsa da albashi ke zuwa duk ƙarshen wata, matarsa Suwaiba da 'ya'ya biyar suna ci sau uku. Bizarsa kuwa a hannun Mai Girma take, ranar da aka soke ta sai jirgi.

Ranar Juma'a da hantsi Badaru ya kira ni. Na'urar nan mai kula da hitoci ta ƙone, ruwa ya sauka zuwa ashirin da huɗu, kifaye sun kwanta a ƙasa sun ƙi abinci. Injiniyan da ya kafa ta ya ce ba zai samu zuwa ba sai Litinin.

Na ce, "To ka kashe esi mana, zafin gari ya yi aikinsa."

"Haba Dikko! Oga ya ce ko tashin duniya ake kada a taɓa esin nan. So kake a kore ni?"

Nan shawara ta zo mini, kuma da ma ba ta zo ba. Hitar bokiti, wadda ake tsomawa a ruwan wanka, katan-katan nake tura ta gida. Na buɗe katan na zari biyar, na ce masa yalla, ya shirya maza, ga ni nan. Badaru gwani ne, ya raba su a layuka daban-daban don kada fis ya ƙone, ya tsoma su a babban tankin. Ƙarfe sha ɗaya muka ja ƙofa muka tafi masallaci. Daga masallaci muka gangara unguwar Al Buteen cin tuwo, muka haɗu da fatake 'yan Kano, hira ta yi daɗi har muka yi la'asar a can.

Yanzu wanda aka haifa a garin nan zai tambaya, me ya sa ba mu koma mun kashe ba? Amsar ita ce, a garinmu ba a kashe hita. Kunna ta kake yi ka kama gabanka, kafin awa biyu masu wuta sun kashe maka, kyauta. Balle ranar Juma'a. Babu wanda ya zauna ya lissafa wannan a cikinmu, a jini yake. Ni da na shekara tara a Dubai, ko sau ɗaya zuciyata ba ta ɗarsa ba. Sabo turken wawa, kuma ranar mu biyu aka ɗaure a turke ɗaya. Ita ko hitar bokiti ba ta da na'urar da za ta ce mata ya isa.

Ƙarfe biyar muka buɗe gareji. Gilashi ya yi gumi, ma'auni yana nuna arba'in da ɗaya, kifaye duk sun juyo ciki sama. Badaru ya zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

"Ba su ɗauke ba, Dikko," ya ce. "Tun ƙarfe sha ɗaya, ba su ɗauke ba."

Wallahi dariya ta taso mini, amma da na kalli fuskarsa sai ta koma ciki. Tausayinsa ya kama ni, kunyar kaina ta rufe ni.

Maƙwabcina Illa, mutumin Damagaram da muke ɗaurin kaya tare, shi ya taya ni lodin gawarwakin washegari. Ya ɗaga babban cikinsu ya juya shi.

"Mon frère, ɗan'uwana, wannan ko yaji ba a barbaɗa masa?"

"Na kallo ne."

"To khalas, an gama kallo." Ya jefa shi a buhu. "Amma ku bar ganin laifin bawan Allan nan. Wanda ya shekara da shekaru yana koya wa mutum cewa wuta ba ta wuce awa biyu, shi ya dafa kifin."

Na ce ya rage murya, bango yana da kunne.

Ranar Lahadi Mai Girma ya sauka da tawagar mutum goma sha huɗu, a takarda an rubuta sun zo nazarin yadda ake samun wuta ba yankewa. Na yaba, domin kuwa sun zo daidai kan darasi. Ya tsaya gaban tankin da ba komai, idonsa ya ciko. Ban san yana da hawaye ba. Bara da alluran rigakafi suka lalace a firjin asibitin garinmu, ko saƙon jaje ba mu gani ba.

Nan take aka kafa kwamitin bincike, ya zauna a garejin, cikin sanyi. Na ce a rubuta ni na kawo hitocin, aka ce ba da ni ake magana ba, tunda ba su suka yi mini biza ba. Badaru ya durƙusa ya yi bayani tiryan-tiryan, ya roƙi arziki, ya ambaci 'ya'yansa.

Mai Girma ya daka masa tsawa. "Kai mai gyaran wuta ne ko mai gyaran shirme? A wace ƙasa ka taɓa ganin an bar hita a kunne an tafi yawo?"

Badaru ya ɗago kai. Ba rashin kunya ya yi niyya ba, tambaya aka yi masa ya amsa.

"A tamu, ranka ya daɗe."

'Yan tawaga kowa ya sami abin dubawa a wayarsa. Daga nan na san ta ƙare wa Badaru, don babba yana iya yafe maka asara, amma ba ya yafe gaskiyar da aka faɗa masa gaban mutane.

Kwamiti bai ɓata lokaci ba, abin da ban taɓa gani ba a tarihin kwamitoci. Ya ce a sayo sababbin kifaye, a kafa na'ura biyu maimakon ɗaya, a kuma sayi babban janareta saboda gudun kada wata rana a ɗauke wuta a Dubai. Sai a ƙasan takarda, layi ɗaya, a soke bizar mai gadi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Jiya Laraba na kai shi filin jirgi, da jaka ɗaya da ledar dabino. Tun Litinin yake neman Suwaiba ya gaya mata, wayarta a kashe. Muna kan layin awon kaya ya samu wayar wani ɗan'uwansa, shi ya ce masa yau kwana goma sha ɗaya ba wuta a unguwarsu, mai cajin waya kuma ya rufe shago yana can layin gidan mai da jarka. Badaru ya mayar da wayar aljihu.

"Ba ta ma san ina zuwa ba," ya ce. "Sai dai ta ji sallamata a ƙofar gida, ta zaci hutu aka ba ni."

Na riƙe hannunsa har aka kira masu shiga jirgi.

Su kuwa sababbin kifayen gobe suke sauka, in Allah ya yarda. Kada ku damu, an sanar da kowa, har an tanadi motar da za ta je taryarsu.