Rasuwar Kaka, Mai Sauraron Dutse

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido mai cike da toka, ToMarum yake sanar da mutanen tsibirinmu rasuwar abokiyar aikinsa, na'urar auna girgizar ƙasa da kowa ke kira Kaka, wadda ta riga mu gidan gaskiya a ɗakinta na siminti da ke gindin dutse mai aman wuta.

Marigayiya ba ta da surutu. Kunnenta a ƙasa yake, allurarta tana ƙyas-ƙyas a kan takarda, kuma ba ta taɓa ƙara wa zance gishiri ba. In dutse ya juya a barci, sai ta ce juyi ne. Sau ɗaya ta ce a gudu, shekarun baya. Toka ta binne gidaje har rufi, amma ba ta binne mutum ba.

Ciwon ajalinta ta waya ya shigo. Wata jarida ta ƙetare, wadda marubucinta bai taɓa shaƙar warin dutsen nan ba, ta tsinci 'yan girgize-girgizen da Kaka ta saba rubutawa, ta buga da manyan baƙaƙe: DUTSE ZAI TARWATSE, TSIBIRI ZAI NUTSE. ToMarum ya bi gida-gida yana rantsuwa ba haka Kaka ta ce ba. Wa ya saurare shi? Aka loda yara da aladu a kwalekwale. ToBung, ɗan ƙanwarsa, ya kwance farantin solar da ke ba Kaka wuta.

"Kawu, tsohuwarka ta kurumce," in ji shi. "Bari mu yi cajin waya mu ji labari."

Garin gudu a kwalekwale, farantin ya faɗa teku. Dutse ko tari bai yi ba, mutane suka dawo da kunya da dariya. Ita kuwa Kaka tana ta jinya a kan ragowar batir. Kafin ta cika, allurarta ta bar ƙyas-ƙyas, ta koma shuuu, ta ja wani baƙin zane mai kauri, irin wanda ToMarum ya gani sau ɗaya tak a rayuwarsa, ranar da ta ce a gudu. Ya sake bin gidaje, tsoro fal cikinsa.

"Kawu, kai ma ka zama jarida?" in ji ToBung.

Ta rasu ta bar allura, da naɗin takarda, da ƙadangaren da ke shan ɗumin akwatinta. Ta bar matan da ke haƙar ƙwan da tsuntsaye ke binnewa a tokar gindin dutse, ciki har da IaMalana, matar ToMarum, wadda ta saɓa kwando ta ce, "Maigida, mun riga mun yi gudun banza. Ƙwai ba zai haƙo kansa ba."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, in dutse ya bari. Za a yanka igiyar kuɗin wuri a raba wa masu makoki, kamar yadda ake wa manya. Ana roƙon kowa ya bar kwalekwalensa a bakin ruwa, goshinsa na kallon teku. ToMarum zai ɗan makara. Zai fara biyawa ta ramukan ƙwai, ko IaMalana za ta yarda ta taho.