Farantin Kyauta Da Ke Neman Raba Ni Da Makullin Mota

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Masu Gidajen Abinci na Bakin Hanya, uban tukwane, garkuwar ludaya, wanda ƙamshin miyarsa ke tsayar da motar da ɗan sanda ya kasa tsayarwa.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ciniki na tafiya kuma tukunya na ƙarewa kafin la'asar, ina neman izinin gabatar da kukana. Ni direban doguwar mota ne. Ko ba ku san sunana ba kun san aikina, domin ni ne mai juye muku fasinja cike da mota da tsakar rana, su ci su biya, ni kuma a ba ni farantin direba kyauta, kamar yadda aka saba tsakaninmu da ku. A kan wannan faranti nake tafe da magana, ranka ya daɗe.

Na yi shekaru ina fama da ciki: kumburi, zawo, rama, da gajiyar da barci ba ya kashewa. An ce basir ne, an ce sammu ne, surukata kuwa ta ce baƙin hali ne ke cin jikina. Daga ƙarshe likita ya yi gwaje-gwajensa, ya ce cutar siliyak ce, wato hanjina ba ya ga maciji da wani sinadari da ke cikin alkama da sha'ir da danginsu. Ba burodi, ba taliya, ba biskit, ba duk abin da fulawa ta taɓa, ko da ɗan burbuɗi ne. Babu ƙwaya, babu allura, maganin kawai a ƙaurace. Matata ta ware mini tukunya da cokali a gida, har na fara yin kumatu. Saura hanya, kuma hanya a hannunku take.

Na ɗaya. Ina jinjina wa ma'aikatanku bisa saurin rantsuwa. In na tambaya ko akwai fulawa a miya, kafin in rufe baki an rantse mini babu. Sai na ci na wanke hannu, sannan mai dafawa ta leƙo ta ce, “Ai ɗan kaɗan muka barbaɗa don ta yi kauri, wannan ba ma sa shi a lissafi.” Yallaɓai, ku ba kwa sa shi a lissafi, amma hanjina yana sawa. Shin akwai hanyar da ƙungiya za ta aika masa da sanarwa ya daina?

Na biyu. Ina yaba fasahar tsincewa, wadda ban san a wace makaranta ake koyar da ita ba. Na nemi shinkafa zalla, aka kawo ta haɗe da taliya. Na yi bayani cikin ladabi. Mai kawo abinci ya ɗauki farantin, ya shige bayan labule, ya tsince taliyar ɗaya bayan ɗaya, ya dawo mini da shinkafar yana jiran godiya. Kifin da aka ɗora mini kuma an tsamo shi ne daga man da aka soya kazar da aka mulmule da fulawa. Ludayinku guda kuwa ba tukunyar da ba ya gaisarwa, kamar ɗan takara lokacin neman ƙuri'a. In ƙuda ya faɗa wa Shugaba a shayi aka tsame shi, zai kira wannan sabon shayi?

Na uku. Ina godiya da likitocin da kuke tanadar mana a kan benci ba tare da kuɗin kati ba. Da na buɗe baki, kowa ya ajiye cokali ya fara duba ni. Wani ya ce, “Suga ne, ka sha ɗaci.” Wani ya ce ciwon masu kuɗi ne, me ya haɗa direba da shi? Wani dattijo ya ce kakansa ya ci alkama har haƙoransa suka zube. Mai karɓar kuɗi ya ba ni shawarar in riƙa ci kaɗan-kaɗan har cikin ya saba. Abokan aikina kuwa sun raɗa mini suna Ba-Fulawa, har masu gyaran taya da shi suke kirana. Na haƙura da sunan, don ya fi bayanina saurin yaɗuwa. Amma yana mini ciwo, ranka ya daɗe, mutum ya faɗi cutarsa a mayar da ita abin hira.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wata baiwar Allah cikin 'yan ƙungiyarku da muke kira Uwar Direbobi. Wallahi ba ni da abin faɗa a kanta sai alheri, don tun ina sabon direba take ciyar da ni. Na zaunar da ita na yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta saurara, ta yi ajiyar zuciya, ta gyaɗa kai. Ashe abin da ta fahimta shi ne kunya nake ji, wai ba na son in riƙa cin nata da yawa a kyauta. A makon jiya na nemi shinkafa fara da dafaffen ƙwai. Ta kawo yadda na ce. Sai da na ci rabi, cokalina ya tono miya da soyayyen nama mai ɓawon fulawa, an binne su a ƙarƙashi, shinkafar duk ta sha romonsu. Na ɗaga kai, ta ƙyafta mini ido ta ce, “Ɗana, ni ban iya ba wa mutum shinkafa tsirara ba. Na ɓoye ne don kar ka ji nauyi. Ci abinka, ka rame.”

An ce alheri gadon barci ne. Nata bai bar ni na zauna ko a kujerar mota ba. Kafin mu kai gari na gaba na tsayar da mota na ruga daji, na dawo, na sake tsayawa, har fasinjoji suka san lokacin da za su buɗe mini hanya. Wani ya ɗauke ni hoto a waya. Wata mata da za ta kai mahaifinta asibiti ta rasa layin ganin likita, ta yi kuka, kuma tana da gaskiya. Washegari manaja ya kira ni ofis ya ce, “Malam, ba ni da matsala da cikinka, amma kamfani ba zai bi shi daji ba. In ta sake faruwa, ka ajiye makulli.”

Saboda haka, Mai Girma, ba doka nake nema ba, ba kuma taro da jawabi ba. Ina roƙon tukunya guda mai tsabta, da cokalin da ba ya yawo. Ina roƙon a koya wa ma'aikata faɗin “ban sani ba”, domin ta fi mini rantsuwa amfani nesa ba kusa ba. In mutum ya ce abu na cutar da shi, a yarda da shi, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba ni kaɗai ba ne, akwai irina da yawa, sun dai gaji da bayani ne suka koma cewa sun ƙoshi.

Jibi zan sake hawa hanya. Zan tsaya a ƙofarku, in sauke muku fasinja, in zauna a mota da yunwata, don ban san wane faranti ne zai zama na ƙarshe ba. Yara huɗu ke ci daga makullin nan. In cokalinku ya raba ni da shi, su ma za su daina cin burodi, alhali su likita bai hana su komai ba.

Naka mai biyayya, durƙushe har ƙasa a kan ciki wayam,

Ba-Fulawa,
Direban doguwar mota.