Rasuwar Asabe, Firizar Gidan Hajiya Zinatu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da har yau bai gama farfaɗowa ba, Hajiya Zinatu Maharazu ta unguwar Catford a London tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Asabe, babbar firizar nan da ta shekara ashirin da 'yan kai a ɗan ɗakin katako na bayan gida, wanda yara ke kira shed. Ta cika a tsakiyar hunturun nan, bayan doguwar jinyar da ba wanda ya san tana yi.

Tana kuma sanar da cewa maganar da ke yawo a rukunin WhatsApp na mata ta iso kunnenta. Wai ita ce take kashe marigayiyar kullum don tsoron kuɗin wuta, har ta kai ta ga salwantar da amanar mutane. An ma yi wa zancen ado, wai cikin sanɗa take zuwa, ba takalmi. Hajiya ta tsufa tana koya wa 'yan mata kimiyya, daga Zariya har nan London, kuma abin da take fara gaya wa kowane aji shi ne, "an ce" ba hujja ba ce. Za a zo kan wannan. Mamaci ake fara ba haƙƙinsa.

Ranar Asabar aka kawo ta, shi ya sa ta ci sunan. Fara ce tas, mai faɗin ƙirji, rago biyu na kwanciya a cikinta su bar wuri. Ta zo a zamanin da yawancin jama'armu ke zaune a flat, da ɗan firijin da ko cinyar rago ba ya ɗauka sai an roƙe shi. Shi ke nan ta zama ta kowa. Naman layya a wajenta yake kwana. Wanda ya dawo daga gida da abin da ya ratso filin jirgi a naɗe cikin zannuwa, wajenta yake fara sauka kafin ya gaida iyalinsa. Ba a rubuta suna a jikin kaya. Kowace mace takan yago ƙyalle daga tsohon zaninta ta ɗaure bakin ledarta, Hajiya kuma ta san atamfar kowa kamar yadda ta san fuskarta. Tsawon shekarun nan ko ƙashi ɗaya bai taɓa shiga ledar da ba tasa ba. Daga nan ne aka fara kiran Hajiya da Mai Amana, kuma ba ta ɓoye cewa ta fi jin daɗin wannan suna a kan duk takardun da ke rataye a falonta.

Marigayiyar mai sirri ce. Ba ta taɓa tambayar kilishi ta wace ƙofa ya shigo ƙasar nan ba. Ta san gidan da ya yanka rago da gidan da ya sayi kaji ya ce rago ne, ba ta faɗa ba. Ta kwantar da kayan matan da ba sa ga maciji da juna gefe da gefe, suka yi shekaru a haka lami lafiya. Kan bijimin ɗan jam'iyyar gwamnati ya yi matashi da ƙafar bijimin ɗan adawa, abin da masu su ba su iya yi ba ko a wajen ɗaurin aure. Maganarta ba ta wuce biyu ba. In ta ƙoshi da sanyi ta ce "ƙyas", ta yi shiru. In ta tashi aiki ta ce "gurrr", ta zarce da "hmmm" irin na dattijuwar da aka kawo wa ƙara ta riga ta san mai gaskiya.

Ta rasu ta bar ƙanenta, firijin kicin, wanda ba shi da zurfin ciki. Ta bar kula biyu da ba su taɓa riƙe sanyi ya wuce la'asar ba. Ta bar Awabu, maƙwabciya 'yar zangon Kumasi, wadda kifinta da kuɓewarta na bikin 'yarta suke ciki. Ta bar Dakta Umar Faruq da rabin ragonsa, da ɗaliban jami'a na Bloomsbury da miyar da iyayensu mata suka aiko musu. Can ƙasa kuma, a lungun hagu, akwai 'yar robar man shanu, na ƙarshe da Yaya Ladidi, yayar Hajiya, ta soya da hannunta kafin Allah ya yi mata rasuwa. Cokali ɗaya Hajiya ke ɗiba duk sallah. Ta yi lissafin zai raka ta har nata lokacin.

Ga yadda ajalin ya zo, iya abin da aka sani da farko. Ranar Juma'a masu gida suka tafi bikin suna a Leicester, suka dawo Talata. Tun daga ƙofar lambu wari ya yi musu sannu da zuwa. Alhaji Maharazu, mai gidan, wanda gwiwarsa ba ta barinsa ya ɗauko ko rimot, ya yar da jaka ya riga kowa isa shed. Hajiya tana kan cire takalmi ta ji muryar Asabe ta ƙarshe. Ba "gurrr" ba ce. "Fat!" ta ce, wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke.

Alhaji ya fito yana goge hannu a jikin riga, ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Sanyi ne. Ga tsufa. Ai sananne ne, in sanyin waje ya yi yawa su waɗannan injina ba sa jurewa."

Hajiya ta ce, "Sanyi ya kashe firiza. To, Alhaji. Saura mu ji ruwa ya ci kifi."

Duk wanda aka gaya wa bayanin Alhaji sai ya gyaɗa kai, don mutum ne da ya yi aikin gwamnati, kuma yana faɗin magana da murya mai kauri. Zarah, 'yarsu, ta bugo daga Stratford, uwar na yi mata Hausa tana mayarwa da Turanci: "Mum, it's a freezer. Just get a new one." Ba a kama ta da laifi ba. A nan aka haife ta.

Kwashe kayan ya ɗauki yini guda, kuma ba za a bayyana shi a takardar da yara za su iya karantawa ba. Hajiya ta kwance ƙyallen kowa, ta wanke, ta goge, ta bi gida gida tana mayarwa tana ba da haƙuri. Wasu suka ce ba komai da baki, idonsu yana cewa akwai. Awabu ce kaɗai ta fito fili, da Hausarta ta zango:

"Mma, ni ba na munafunci. Firiza nan ba shi mutu da kanshi ba. Tun watan jiya na zo ɗauki kuɓewa, na gani duka ya haɗe dunƙule ɗaya kaman dutse. Abin da ya narke ya sake daskare ne yake yi haka. Wani yana kashe shi. In wuta ya yi tsada, da kin faɗa mun, mu taimaka."

Maganar ta yi wa Hajiya zafi, don ranar Juma'ar da ta biyo baya ta ga an fara kai ledoji gidan Sadiatu, mai 'yar firizar da ba ta kai rabin Asabe ba, kuma wata ta kira ta Hajiya Zinatu kawai, ba Mai Amana ba. Amma zafi daban, hujja daban. Da ta zauna ta auna, sai ta ga Awabu ta fi Alhaji kimiyya. Sanyi ba ya narkar da kuɓewa. Matan sun yi gaskiya cewa akwai hannu. Mai hannun ne ba su sani ba.

Mabuɗin shed biyu ne, ɗaya nata, ɗaya na Alhaji. Alhaji kuwa yana da shaidar da ta fi ta kowa ƙarfi. Daga hantsi har kwanciya yana gaban idonta. Da safe kuma duk Catford ta san inda yake, don tun da likita ya yi masa magana kan sukari ya shiga gudun motsa jiki. Kullum bayan asuba zai sa riga da wandon wasanni, ya ja hular sanyi, ya fita ta ƙofar gaba yana ce mata, "Hajiya, na tafi jogging, a yi mana addu'a." Ya dawo da gumi a goshi. A masallaci har misali ake yi da shi, dattijo ɗan saba'in yana keta hunturun London, samari na barci.

Hajiya ta ɗauko takalman gudun ta juya su. Wata uku ana ruwa da taɓo a garin nan, ƙasansu kuwa mutum zai iya cin tuwo a kai. Ta dubi wandon, ta ga an sassauta igiyarsa. Ta zazzage aljihu, ɓawon gyaɗa ya zubo. Ta tuna kuma cewa ita da take fita sayen burodi a cikin wannan sanyi hancinta ne ke zuba, ba goshinta ba.

Duk da haka ba ta yanke hukunci ba, don zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Washegari ta bar shi ya fita, ta sa rigar sanyi biyu, ta bi ta gajeriyar hanya zuwa filin shaƙatawar da ya ce yana zagayawa. Ta zauna a benci a bakin ƙofa. Masu karnuka suka wuce. Wata Baturiya da ta girme ta ta wuce da gudu. Wani ɗan Somaliya ya wuce ya gaishe ta. Yatsunta suka mutu, Alhaji bai gifta ba.

Da za ta koma sai ta ƙi bin titi, ta bi ta lungun bayan gidaje inda ake ajiye kwandunan shara. Ƙaramar ƙofar lambunsu a buɗe take. Tun kafin ta kai shed ta ji ana faɗa da Hausa a ciki, mutum uku suna rantse-rantse kan wanda zai ci zaɓe a jihar da Alhaji ya rabu da ita tun yana da baƙin gashi. Ta tura ƙofa. Ɗumi ya buge ta kamar ta shiga gidan burodi. Ga Alhaji Maharazu zaune daram a kan murfin marigayiyar, ya naɗe ƙafa, takalma a ajiye gefe, shayi a hannun dama, gyaɗa a cinya. Waya na jingine da gwangwanin fenti tana nuna masa muhawarar siyasa. A gabansa wata 'yar hita ta yi ja wur. Hajiya ta bi wayar hitar da ido har bango. Soket ɗaya ne tak a ɗakin.

Alhaji ya ce, "Hajiya... ai yanzu na shigo. Cooling down nake yi."

Hajiya ta ce, "Sannu da gudu, Alhaji. Sauka daga kan gawa."

Sauran bayanin bai yi wuyar samu ba. An same shi kafin shayin ya huce.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da safe, in Allah ya kai mu. An yi booking da council, wato hukumar unguwa, za su turo motar ɗaukarta, kuma sun ce ba sa shiga lambu, sai an fito da ita bakin titi. Don haka ana neman maza masu lafiyar baya su hallara bayan asuba. Alhaji Maharazu zai kama ta wajen injin, inda ya fi nauyi, tunda ya kwashe hunturu yana atisaye. An tambayi malam, ya ce ba a yi wa firiza salla, ba a kuma ce mata Allah ya jiƙanta, amma ba laifi a tsaya a yi shiru har motar ta sha kwana. Za a karɓi gaisuwa a gida daga azahar zuwa magariba. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo abincin da zai kwana, babu inda za a sa shi. Matan da aka mayar wa ƙyallensu su adana, magajiyar Asabe tana hanya, kuma mai gida ya ɗauki nauyin kifin bikin 'yar Awabu da rabin ragon Dakta. Man shanun Yaya Ladidi ba a sayar da irinsa.

Masu tura wannan sanarwa a rukunin mata su tura ta har ƙarshe, kada su tsaya a jana'iza. Hajiya Zinatu ba ta taɓa kashe Asabe ba. Alhaji Maharazu ne yake zare ta kullum da safe ya jona hita, in ya gama ya mayar. Ranar Juma'ar Leicester ya manta bai mayar ba. Ranar Talata ya jona ta bayan ruwan nama ya riga ya shiga injin. Gudun kuwa, bai taɓa yin sa ba.