Yadda Za Ka Kori Aminin Mahaifinka Ba Tare da Kun Haɗa Ido Ba

Kai da aka ɗora maka shugabancin ma'aikata a wannan marra, matso kusa. An ce ka rage mutum, ka san wanda kake so ya tafi, amma kunya ta ɗaure maka baki, ko? Kwantar da hankalinka, akwai wani abu da ake kira bincike. In ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari mutum zai bar aiki, ya yi maka godiya, har ya ce ka gaida mutanen gida. Basiru ya gwada a wani ƙauye kusa da Zakirai, da shi za mu yi misali.

Basiru ne manajan siton ƙungiyar manoma. Can ake kai irin wake bayan girbi a kulle, ba mai taɓa buhunsa sai ruwan shuka ya sauka, don kar yunwar bazara ta sa mutum ya dafa irinsa. Shekarar da taki ya gagari kowa, shugaban ƙungiya, Alhaji Nababa, ya ce ma'aikata uku sun yi yawa, a rage ɗaya. Akwai Mati, ƙato mai ɗaukar buhu. Akwai Iliyasu, yayan matar Basiru. Sai Baba Kallamu, aminin marigayi mahaifin Basiru, wanda da aikin nan yake ci da mutum bakwai.

Mataki na 1: Fara da sakamako

Sababbin shiga sukan fara bincike ba su san inda zai kai su ba. Wannan ganganci ne. Dubi Basiru: Mati ba ya koruwa, don shi ne aikin. Iliyasu ba ya koruwa, don Basiru yana so ya ci gaba da samun tuwo da zafinsa a gida. Saura wa? To, ka riƙe sunan a zuciyarka, kar ka kuskura ka rubuta shi tukuna.

Mataki na 2: Auna abin da ke ƙirguwa kawai

Samo kujera da biro da takarda mai layi-layi. Basiru ya yi mako guda a ƙofar sito yana ƙirga buhun da kowa ya ɗaga. Mati arba'in a yini. Iliyasu, da labarin bincike ya riga ya iske shi ta bakin ƙanwarsa, ya ɗaga goma sha biyu, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi.

Baba Kallamu kuwa ko ɗaya. Abin da yake yi, ya bi buhuna ɗaya bayan ɗaya, ya zura hannu har gwiwa, ya yi shiru kamar mai sauraren kiran salla daga nesa. Sai ya ciro ƙwaya ya sansana, ya tauna, ya ce, "Mati, wannan a kai shi rana." Basiru ya duba takardarsa sama da ƙasa, babu gurbin wannan. Sai ya rubuta: yawo da cin wake.

Riƙe wannan daga bakin gwani: duk abin da ba shi da gurbi a fom ba aiki ba ne.

Mataki na 3: Ji ta bakin ma'aikata

Bincike ba ya cika sai da hira, kuma a ƙasarmu hira ta fi komai sauƙi. Basiru ya tare tsohon da safe, biro a hannu.

"Baba, ina gajiya?"

"Ba gajiya, ɗana."

"Yaya aiki?"

"Aiki da godiya."

"Akwai wani ƙorafi?"

"Alhamdulillahi."

Ya juya kan Iliyasu, wanda ya dafe ƙugu ya ce wallahi bayansa kamar zai ɓalle. Ka gani? Ɗaya ya gaji, ɗaya da bakinsa ya ce bai gaji ba. Ni da kai mun san dattijon garinmu ko kwana biyu ya yi ba a ɗora tukunya a gidansa ba, alhamdulillahi zai ce maka. To, ina ruwanka? Kai dai rubuta abin da ka ji.

Mataki na 4: Kai wa kwamiti zane

Kar ka je da baki kawai, baki ana musa shi. Sayi kwali babba ka zana sanduna uku: doguwa, matsakaiciya, da wadda ko tashi daga ƙasa ba ta yi ba. Yawaita faɗin "kashi kaza cikin ɗari", ba mai son a gane bai gane ba.

Dole a samu mai taurin kai. A zaman su Basiru wani dattijon manomi ya yi gyaran murya ya ce, "Amma fa shekara goma sha ɗaya da Kallamu ke nan, ƙwaro bai taɓa ci mana iri ba."

"Madalla, Baba, ka taimaki bincike," in ji Basiru. "Shekara goma sha ɗaya babu ƙwaro. To me za mu yi da mai gadin ƙwaro?"

Alhaji Nababa ya jinjina kai ya ce kai, boko dai ya yi. Aka shafa fatiha.

Mataki na 5: Kalli takarda, kar ka kalli mutum

Nan ne wurin da maza ke faɗuwa. Basiru ya kira tsohon gefe, ya kafa wa kwali ido.

"Baba, wallahi ba ni ba ne. Bincike ne."

Baba Kallamu ya daɗe yana kallon sandarsa da ba ta tashi ba. "To, ɗana, Allah ya sa haka ya fi alheri. Ka gaida mutanen gida." Har ya kai ƙofa ya juyo. "Buhunan kusurwar gabas sun fara ɗumi, a fitar da su rana kafin Juma'a. Nawa biyu ma suna ciki."

Gaskiya Basiru ya ji kunya, don tsohon nan ne ya riƙe ragon sunansa. In haka ta same ka, haɗiye. Ya dai tura Iliyasu ya duba, Iliyasu ya shafa bayan buhu ya ce lafiya lau. Sau biyu Baba Kallamu yana dawowa a bar shi ya leƙa, sau biyu ana tuna masa cewa wanda ba ma'aikaci ba ba ya shiga sito.

Mataki na 6: Rufe bincikenka da jin ra'ayin jama'a

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Talata. Da hantsi aka buɗe sito, wani wari ya fito ya tarye mutane. Baba Kallamu ya turo baro ya shiga layi kamar kowa. Da aka fito masa da nasa ya kwance bakin buhu, ya zura hannu har gwiwa kamar yadda ya saba. Ya ciro gari da ɓawo, ƙwari baƙaƙe ƙirin suna bin damtsensa. Mati ya kau da kai.

Ragon manaja a nan zai durƙusa ya nemi gafara. Kai ba rago ba ne, kana da fom. Basiru ya zaro nasa, ya karanta tambayar farko.

"Baba, ka gamsu da yadda aka ajiye maka kayanka?"

Tsohon ya kakkaɓe hannu a rigarsa. Ya dubi baron, ya dubi wanda bai taɓa kira da suna ba sai ɗana.

"Alhamdulillahi, Manaja."

Basiru ya sa alama a gurbin "ya gamsu ƙwarai". Ka ga alkawarina ya cika.

Hattara

Mai wannan rubutu ba ruwansa da gonar da ta wuce damina ba a shuka ta ba, ko mutum bakwai da ke jiran wake a wani gida. Ba ruwansa in ka hango wani tsoho a sahun gaba ranar Juma'a ka zame ka koma baya, ko in tuwon nan mai zafi ya ƙi wucewa a wuyanka. In ka zo ƙofata da ƙorafi, amsar da zan ba ka ka riga ka san ta: wallahi ba ni ba ne, bincike ne.